Ƙaryar da na yi wa matar da ke dafa mana abinci a Gini

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta wannan shafi naku, ina ganin yadda mutane ke fitowa da abin da ke cikinsu, ni kuwa ina riƙe da nawa. Yau na daure na rubuto. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da huɗu, da mata da 'ya'ya biyu. A unguwar Gada Biyu ta garin Jos aka haife ni, a gidan da kakanmu ya gina tun zamanin haƙar kuza. Da na yi aure sai na kama haya a Daɗin Kowa, don ya fi mini sauƙin zuwa Vom inda nake aikin duba lafiyar shanun tatsa. Ni mutum ne mai ji da kansa a kan tsabta. Ba na cin abinci a bakin titi, ba na shan ruwan da ban san asalinsa ba, kullum akwai sabulu a jakata, har abokan aiki suka riƙa tsokanata suna ce mini sarkin tsabta, ni kuma a raina daɗin sunan nake ji. Abu ɗaya ne ban taɓa gaya wa kowa ba in ban da matata: tun ina saurayi cikina yakan kumbura wani lokaci, in yi kwana biyu ina zawo, ya wuce. Na sa masa suna olsa da kaina, na ci gaba da harkokina.

Sai ga wata ƙungiyar agaji tana neman masu aikin sa kai na shekara guda a ƙasar Gini, a koya wa matan makiyaya yadda za su tatsi nono, su dafa shi, su adana shi ba tare da ya lalace ba. Da yake ina ɗan jin Fulatanci saboda mu'amala da Fulanin ruga, na nema, aka ɗauke ni. Mahaifiyata ba gidan da ba ta shiga ba a unguwa tana ba da labarin ɗanta zai je wata ƙasa ya koyar. A takardun da muka cike akwai wurin da aka tambaya ko mutum yana da wani ciwo da ke taso masa lokaci-lokaci. Na tsaya na kalli wurin na ɗan lokaci, sannan na rubuta babu.

Ƙauyen da aka kai mu a kan tsauni yake, da sanyi da duwatsu kamar ban bar Jos ba. Mu huɗu ne masu aikin sa kai a gida ɗaya, sai oganmu, likitan dabbobi ne ɗan ƙasar, mutum mai haƙuri da sauƙin kai. Wata dattijuwa ce ke dafa mana abinci, mijinta ya rasu, muna ce mata Nene, wato Inna da yarensu. Bayan aikinmu, ranar kasuwa takan kafa tukunya ta sayar da shinkafa da miyar gyaɗa, da wannan take riƙe da jikokinta. Fulatancinsu ya bambanta da namu, amma ni da ita muna fahimtar juna, tana yi mini dariya in na karya harshe, tana gyara mini. Da safe kuwa mutanen ƙasar ba su san wani karin kumallo ba sai wani dogon burodi mai ɓawo da shayi. Ni da a gida sai in yi sati ban ci burodi ba, don matata kunu da ƙosai ko dankali take yi mana, sai ga shi na kamu da son wannan burodin, ina cinye guda ni kaɗai kowace safiya.

A sati na uku cikina ya ɓaci, kuma wannan karon bai wuce ba. Murɗa, kumburi, zawo sau biyar sau shida a yini. Bayan wata guda sai wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso mini a gwiwar hannu, da gwiwar ƙafa, da ƙugu, daga baya suka gangaro bayan hannuna. Ƙaiƙayinsu ba irin wanda na sani ba ne, kamar an zuba barkono a ƙarƙashin fata. Ina sosawa har jini, su bushe, su bar tabo, wasu su fito a gefe. Na koyi zama da abin a ɓoye. Na san inda kowane bayan gida yake a duk rugagen da muke zuwa, inda babu kuwa na san wane dutse ne zai kare ni. Ina saka wando na biyu da buta ƙarama a jakar aiki. In za mu yi tafiya mai nisa a babur ba na cin komai sai mun dawo. Na daina sa riga mai gajeren hannu, na yanke farce har nama, na riƙa sa safar hannu ta roba ina cewa ƙa'idar aiki ce. Na sayi ƙwayoyi kala-kala a kyamis na sha, da ba su yi ba, don Allah ku ji wauta, har maganin tsutsar ciki na shanu na auna da nauyina na sha. Ranar na yi amai kamar raina zai fita.

Za ku ce me ya hana ni zuwa asibiti. Tsoro ne da girman kai. Na san ban taɓa neman matar da ba tawa ba, amma na san abin da mutane ke faɗa in namiji ya tafi wata ƙasa ya rame, yana zawo, ga ƙuraje. Tun ina jin tsoron maganar mutane har na fara tsoron gwajin ƙanjamau kansa, ina tuna askin da na yi a wurare daban-daban da allurar da ta taɓa soke ni a wurin aiki. Ga kuma takardar nan da na rubuta babu a kanta. In aka gano, korata za a yi, in koma Gada Biyu in ce wa mahaifiyata me?

Sai na yanke wa kaina hukunci cewa abincin Nene ne. Na daina ci. Na koma burodi da biskit da taliyar da nake dafawa da kaina a ɗaki, don a ganina abin da ya fito daga gidan burodi ko daga leda ya fi tsabta. Jikina ya ƙara lalacewa. Wata rana da hantsi ina zaune a bakin ƙofa, Nene ta zo ta tsuguna kusa da ni, ta yi ƙasa da murya don kada sauran su ji. Ta ce ɗana, na ga ba ka cin abincina, ban yi fushi ba, amma ina lura da kai. Ta ce duk ranar da ka cika cikinka da burodin nan ka fi zarya bayan gida, ranar da burodi bai zo ba kuwa ka ɗan samu sauƙi, ka bar shi na sati biyu in riƙa yi maka acha ka gani. Kunya ce ta fara kama ni, ashe akwai mai ƙirga zuwana bayan gida. Sai kunyar ta koma fushi. Na ce mata ni na yi karatun lafiya, ba na neman shawarar mai tukunya, ta je ta kula da wanke kwanukanta. Ta kalle ni, ta ce Allah ya ba ka lafiya, ta tashi.

Ba a yi kwana goma ba abin da nake gudu ya same ni. Mun tara mata sun fi talatin a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, ina koya musu wanke hannu kafin tatsa. Wata daga cikinsu, mai baki ce sosai, ta ce malam kullum da roba a hannunka kake nuna mana, mu kuwa ba mu da roba, cire ka wanke irin yadda za mu yi mu gani. Sauran suka goya mata baya suna dariya. Oga yana tsaye a gefe. Ba yadda na iya, na cire. Dariyar ta tsaya cak. Bayan hannuna duk ƙuraje ne da ɓawon gyambo, wasu suna ruwa, ga ƙwaryar nono a gabana. Na ga wata ta jawo ƙwaryarta baya a hankali. Ban gama da wannan ba sai cikina ya murɗa, irin murɗawar da na san ba ta jira. Na ajiye sabulun na nufi bayan rugar da sauri, ban kai ba. Fararen kaya ne a jikina. Ba wadda ta yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Da yamma oga ya kira ni ɗakinsa. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in gaya masa gaskiya, tun yaushe, kuma ko na taɓa irin wannan a gida, don ya san asibitin da zai kai ni. Nan ne wurin da Allah ya buɗe mini ƙofa na rufe ta da hannuna. Na ce ban taɓa ciwon ciki ba a rayuwata sai da na fara cin abincin Nene. Ya ce amma sauran suna ci lafiya lau. Ganin maganar ba ta zauna ba, sai na ƙara mata. Na ce da idona na ga tana ɗebo ruwan rafi tana miya da shi, na ga ta fito daga bayan gida ta sa hannu a shinkafa ba ta wanke ba. Ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Matar nan takan dafa ruwan shanmu ta tace, hannunta har ya yi fari don wanki. Oga ya ce in rubuta. Na rubuta na sa hannu.

Ƙungiya ce mai koyar da tsabtar abinci, ba za ta riƙe mai girkin da aka rubuta irin wannan a kanta ba. Aka sallami Nene a satin. Ƙauye kuwa ƙarami ne. Matan da suka ga hannuna suka ga abin da ya same ni, suka ji an kori mai dafa mini abinci, sai suka haɗa lissafinsu. Ranar kasuwa na wuce a kan babur na hango ta zaune a gaban tukunyarta, bencin da ke cika da mutane ba kowa a kai. Sati na gaba ma haka. Daga nan ba ta ƙara fitowa ba. Duk da haka, da ta ji jikina ya tsananta, ta zo har gidan da kwanon kunun acha a rufe, ta yi sallama sau uku. Ina ciki ina jin ta, na yi lamo kamar ba na nan. Ta ajiye a bakin ƙofa ta tafi. Da na tabbata ta yi nisa na ɗauka na zubar a bayan gida, don in na sha, na ƙaryata kaina.

An kawo sabuwar mai girki, ba abin da ya canza. Asibitin garin da ke kusa sun ba ni maganin taifot da man shafawa, na ƙi yarda a ɗebi jinina don wancan gwajin. Wanduna suka daina zama a ƙuguna sai da igiya. A wata na bakwai jiri ya ɗebe ni a kan babur na faɗi a gefen hanya, oga ya ce ya isa haka, aka sa ni a jirgi.

Da matata ta gan ni a tasha ba ta gane ni ba sai da na kira ta. Na shige ɗaki a Daɗin Kowa na ce kada a gaya wa kowa na dawo. Amma ina, labari ya kai Gada Biyu kafin kwana uku, kuma abin da na ji tsoro shi aka faɗa. Wasu in sun zo dubiya daga bakin ƙofa suke tsayawa. Wadda ta fitar da ni maƙwabciyarmu ce, tsohuwar nas da ta yi ritaya, 'yar asalin Filato, muna ce mata Mama. Ta dawo daga coci ran Lahadi ta shigo kai tsaye ba ta jira izini ba, ta kama hannuna ta jujjuya shi ba ko ƙyama, ta ce da irin Hausarta, kai yaro, kana so ka mutu saboda bakin mutane ne? Ta ce gobe za ta kai ni asibiti, in na ƙi za ta kira mahaifiyata su ɗauke ni tare. Matata ta ce in gwajin nake tsoro, a fara ɗibar nata jinin.

Gwajin ya fito ba ni da ƙanjamau. Aka ci gaba da bincike kusan wata biyu, daga likitan fata zuwa likitan ciki, har aka zura mini wata siririyar roba mai kyamara ta baki aka ɗebo ɗan nama daga hanjina. Ranar da sakamako ya fito likitar ta ce in faɗa mata abin da nake ci a can. Na lissafa da alfahari, na ce burodi da biskit da taliya kawai, don na guje wa ƙazanta. Ta ajiye biro. Ta ce malam, jikinka ba ya karɓar alkama, da haka aka halicce ka. Ta ce duk abin da aka yi da fulawa yana cinye maka bangon hanji, shi ne kuma yake fitowa a fata, ba ya yaɗuwa, ba kuma daga ƙazantar kowa ba ne. Ta ce da a ce shinkafa da acha da rogo ka riƙa ci a can, da ba ka kai haka ba. Matata tana ta hamdala a gefena. Ni kuwa na kasa ɗaga kai. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta faɗa mini wannan a tsugune a bakin ƙofa, na ce ta je ta wanke kwanuka.

Na bar alkama gaba ɗaya. Ba burodi, ba taliya, ba cincin, ba fanke, ko tsire zan saya sai na tambayi abin da aka haɗa a ƙulin. Na koma tuwon acha, gwate, dankali, tuwon masara. Cikin wata biyu zawo ya tsaya, ƙurajen sun fi daɗewa amma suka bi, sai tabo. Jiki yana dawowa, zuciya tana ƙara nauyi. In na yi sujada sai in ga bencin nan ba kowa a kai. Wata ranar Asabar muna tsince shinkafa ni da matata a tsakar gida, na gaya mata komai. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce, Baban yara, ciwon ba laifinka ba ne, amma wannan shaidar zur ce, kuma a kan baiwar Allah mai riƙon jikoki. Ta ce ita ba ta da abin da za ta yafe mini, in nemi mai haƙƙin tun tana da rai.

Na kira tsohon ogana na faɗa masa gaskiya, har da takardar farko da na rubuta babu. Ya ce ya yi zargin haka tun lokacin, kuma shi ma yana jin nauyin yadda ya yi saurin sallamarta. Ya ce aikin ya ƙare a ƙauyen, Nene kuma ta koma wurin 'yarta a wani gari. Sai da aka yi wata huɗu kafin ya samo lambar mijin 'yar. Na yi magana a waya na tura, ina karya Fulatanci ina kuka, na ce ni ne ɗanki na Najeriya, ƙarya na yi miki, ban taɓa ganin komai ba, maganarki ce ta zama gaskiya. Bayan kwana biyu amsa ta zo da muryarta, ta tsufa fiye da yadda na bar ta. Ta fara da tambayar jikina, ko ƙurajen sun mutu, ko ina cin abinci. Ta ce tsakaninta da ni ta yafe tun ranar da ta kawo kunu. Amma ta ce ɗana, ba a ɗaki ka ɓata mini suna ba, a gaban gari ne, jikokina har yau ana ce musu jikokin mai ƙazamin abinci. In da gaske kake, gari za ka gaya wa.

Na yi kwana biyar ina jujjuya maganar, don na san me take nufi: in tuna wa mutanen nan abin da ya same ni a ƙarƙashin bishiyar mangwaro da bakina. Daga ƙarshe na zauna na naɗi maganar a waya don in tura wa oga, na faɗi ko ni wane ne, na ce ni ne malamin da kuka ga hannunsa kuka ga abin da ya same shi, ciwon a jikina yake tun daga gida, abincin Nene bai taɓa cutar da ni ba, ƙarya na shirya don in rufa wa kaina asiri. Oga ya kai wa limamin ƙauyen, aka kunna bayan sallar Juma'a, aka sake kunnawa ranar kasuwa a wurin masu nono. An ce wasu matan sun yi kuka, wasu sun tsine mini, duka biyun kuwa na cancanta. Nene ba ta koma ƙauyen ba, ƙarfin kafa tukunya ya riga ya ƙare mata. Abin da na rushe bai dawo ba. Sunanta kaɗai na iya mayar mata, shi ma a makare.

Abin da na koya shi ne ciwo ba abin kunya ba ne, ko da na zawo ne, ko da ya kunyata mutum a bainar jama'a. Ranar da na ɓata kayana a gaban mata na ɗauka ita ce rana mafi muni a rayuwata, ashe yammacin ranar ne, sa'ad da na ɗauki biro cikin hankalina. Ina kira ga duk mai fama da ciwon da ya ƙi wucewa, musamman matasanmu masu fita aiki wasu ƙasashe: ku faɗi gaskiyar lafiyarku tun a takardar farko, ku je asibiti a yi gwajin da kuke tsoro, ku bar haɗa wa kanku magani. In wanda kuke ganin bai kai ku ilimi ba ya faɗa muku abin da ya lura da shi, ku saurara. Kuma in kunya ta matse ku kuna neman wanda za ku ɗora wa laifi, ku sani hannunku zai fi saurin kaiwa kan wanda ba shi da mai tsaya masa, kuma shi ne wanda haƙƙinsa ya fi wuyar biya. Ina roƙon masu karatu su sa Nene a addu'a kafin su sa ni.